An yi aikin baya, an dawo gida: yadda ake bi da ciwon

A kan gadon asibiti akwai ƙarin ruwa, akwai allura a kan lokaci, akwai majo da ke zagayawa yana tambaya. Ranar sallama duk wannan yana yankewa. Abin da ke rage wa mutum shi ne ordonansi mai layi huɗu ko biyar, da ledar magani, da ƴan dubiya kowa da shawararsa. Ko a Babban Asibitin Damagaram aka yi aikin, ko Yamai, ko Kano, makonni shida na farko a tsakar gida suke wucewa, kuma mafi yawan abin da ke ɓaci a nan yake ɓaci. Abin da zan faɗa bai maye gurbin maganar likitan da ya yi aikin ba. Shi ya buɗe bayan, shi ya ga abin da ke ciki, don haka inda maganarsa ta saɓa da tawa a bi tasa.

Kafin komai, mai ciwo da mai jinya su san wane aiki aka yi, domin dokar kowanne daban. Akwai wanda guringuntsin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi ya fashe ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa, aka cire ɓangaren da ya fito. A takarda za ka ga an rubuta hernie discale, yawanci a L4-L5 ko L5-S1, wato can ƙasan ƙugu. Akwai wanda hanyar jijiyoyin ta matse, aka cire wani yanki na ƙashi don a buɗe ta, shi ne laminectomie. Sai mafi nauyi, arthrodèse, inda ake sa kusoshi da sandunan ƙarfe a riƙe ƙashi biyu ko fiye har su haɗe su zama ɗaya. Haɗewar nan tana cin wata uku zuwa shida, wani lokaci har shekara. Idan ba a san wanne aka yi ba, a buɗe takardar sallama a ba wanda ke karanta Faransanci ya duba tun yau.

Ciwon ba iri ɗaya ba ne

Mutane kan ce kawai "baya na ciwo", alhali abu uku ne, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan aiki sosai.

Akwai ciwon yanka, a daidai wurin ɗinki da naman da aka buɗa. Yana tsananta a kwana biyu zuwa uku na farko, sannan ya riƙa sauka mako bayan mako. Akwai ɗaurewar nama, inda naman gefen ƙashin baya ke murɗewa farat ɗaya, musamman wajen juyi ko tashi, ko da asubar hunturu. Wannan yana ba da tsoro amma ba alamar aikin ya lalace ba ce.

Na uku shi ne ciwon jijiya, kuma shi ne ke hana mutane barci da kwanciyar hankali. Zafi ne kamar ƙuna, ko tsira, ko fizga kamar kuran, wato wutar lantarki, ya ja mutum, yana bin ɗuwawu ya sauka cinya har tafin ƙafa. Da yawa suna farkawa daga aiki su ji ciwon ƙafar ya tafi, bayan kwana huɗu ko mako guda kuma sai ya ɗan dawo, sai hankali ya tashi a ce aikin bai yi ba. Yawanci ba haka ba ne. Jijiyar da ta yi watanni a danne, aka kuma taɓa ta wajen aiki, tana kumbura kafin ta lafa. Ciwon ne ke fara tafiya, ƙarfin ƙafa ya biyo baya, mutuwar fata kuwa ita ce ta ƙarshe, tana iya kai wata shida zuwa shekara, kuma a wasu ba ta tafiya duka. Gara a san wannan tun farko.

Wani abu kuma, ba a neman ciwon ya koma babu a makonnin farko. A auna shi daga 0 zuwa 10, sifili babu ciwo, goma mafi munin da mutum ya taɓa ji. Abin da ake so shi ne ya tsaya wajen 3 ko 4, inda mutum zai iya tashi, ya taka, ya yi barcin awa biyar ko shida. Wanda ya ce sai ya daina ji kwata-kwata, shi ne ke wuce ƙa'idar magani.

A sha da agogo

Kuskure mafi yawa a gidajenmu daga dauriya yake fitowa. Namiji ya ga shan magani tun ciwo bai kai shi ƙasa ba ragwanci ne, mace ta ga kada ta dami mutane, sai a bari har ciwon ya kai 8, sannan a sha biyu a haɗe. Ciwon da ya riga ya hau yana da wuyar saukarwa, kuma yana cin magani fiye da wanda aka tare tun yana ƙasa. A mako ɗaya zuwa biyu na farko ana shan maganin tushe a kan lokaci, ko ana jin ciwo ko ba a ji.

Maganin tushen nan farasitamol ne, wanda mutane ke rainawa saboda arha. Babban mutum mai nauyin da ya wuce kilo 50, mai lafiyar hanta, yana shan giram 1, wato ƙwaya biyu masu 500, duk awa shida: ƙarfe 6 na safe, 12 na rana, 6 na yamma, 12 na dare. Kada a wuce giram 4 a kwana. Tsoho, da mai ƙaramin jiki, da mai ciwon hanta, da mai shan giya, da mai shan maganin tarin fuka, kada su wuce giram 3, wasu ma likita zai rage musu fiye da haka. A sa ƙararrawa a waya. Wanda ya fi son ya ɗaura shan a kan lokutan salla yana iya yi, amma ya tuna tazarar ba daidai take ba: kada tsakanin sha biyu ya gaza awa huɗu, kada kuma a wuce sau huɗu.

Inda ake faɗawa rami ba a sani ba shi ne farasitamol yana zuwa da sunaye da yawa. Doliprane, Efferalgan, Dafalgan, duk shi ne. Yana cikin Codoliprane tare da kodin, yana cikin Ixprim tare da taramadol, yana cikin maganin mura irin su Fervex. Mutum na iya shan kwali uku daban-daban yana ganin magani uku yake sha, alhali abu ɗaya yake tara wa hantarsa. Kuma gubar farasitamol ba ta nuna kanta a ranar farko. A juya kowane kwali a karanta, ko a kwashe su duka a kai farmasi a lissafa. Mai hawan jini ya guji wanda ake jefawa a ruwa yana tafasa, gishirinsa yana da yawa.

Sai maganin kumburi: ibuprofen, diclofenac, ketoprofen wanda aka fi sani da Profenid. Suna aiki ƙwarai a kan ciwon yanka, kuma idan aka haɗa da farasitamol sun fi kowanne shi kaɗai. Ibuprofen yawanci miligiram 400 sau uku a rana, diclofenac 50 sau biyu ko uku, ba a wuce 150. Bayan abinci ake sha, na kwanaki kaɗan, kuma ɗaya kawai daga cikinsu, ba a haɗa biyu. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya, mai shan maganin tsinka jini, da mai ciki, ba nasu ba ne sai likita ya ce. A garinmu Damagaram akwai ƙarin haɗari: zafin Afrilu da Mayu ya wuce digiri 40, mutum yana kwance yana zufa, yana kuma rage shan ruwa don kada ya yawaita tashi fitsari. Maganin kumburi a jikin da ruwa ya yi ƙaranci yana iya tsayar da ƙoda. Idan fitsari ya ragu ya yi duhu, ko ƙafafu suka kumbura, ko kashi ya koma baƙi, a dakatar a je asibiti.

Wanda aka sa wa ƙarfe ya tsaya nan ya lura. Likitoci da yawa suna hana waɗannan magungunan na mako shida zuwa wata uku bayan arthrodèse, saboda suna iya rage saurin haɗewar ƙashi. Idan ba su cikin ordonansinka, ba mantuwa aka yi ba, kada ka saya ka ƙara. Sigari da shisha ma suna hana ƙashin haɗewa, kuma illarsu a nan ta fi ta maganin tabbata.

Maganar taramol

Dole in daɗe a nan, domin a Damagaram ba sai an gaya wa kowa mene ne taramol ba. Taramadol, wato taramol ɗin, da kodin magunguna ne na gaske, suna da wurinsu a kwanakin farko, kuma babu abin kunya idan likita ya rubuta. Ƙa'idar taramadol ita ce miligiram 50 zuwa 100, tsakani awa shida, ba a wuce 400 a kwana, wanda ya haura shekara 75 kuma 300. Amfaninsa ya fi fitowa idan aka sha minti 30 zuwa 45 kafin abin da ke tayar da ciwo, kamar wankin ciwo ko tafiya a mota, ko kuma kafin kwanciya. Ga mafi yawan mutane mako ɗaya zuwa biyu ya isa, wanda aka sa wa ƙarfe yana iya ɗan wuce haka.

Matsalar tana farawa ranar da na farmasi ya ƙare, ciwo bai ƙare ba, kuɗi ma sun ƙare wajen aiki, sai a aiki yaro wurin mai tallan magani. Na hannun masu talla sau da yawa 120 ne, ko 200, ko 225 a ƙwaya ɗaya, ya sha rana, kuma ba wanda zai rantse abin da aka rubuta shi ne a ciki. Ƙwaya biyu na 225 sun riga sun wuce iyakar kwana guda. Taramadol mai yawa yana kawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, kuma ka yi tunanin jijjigar farfaɗiya a bayan da aka ɗinke mako biyu da suka wuce. Mai farfaɗiya tun asali, da mai shan maganin damuwa irin su amitriptyline ko fluoxetine, su sanar da likita kafin a rubuta musu shi. Haɗa shi da diazepam, ko maganin barci, ko siron tari mai kodin, ko giya, yana iya tsayar da numfashi cikin barci. Mai jinya ya riƙe alamun: barcin da ake tayarwa da ƙyar, numfashin da bai kai goma a minti ba, leɓe ya yi duhu. Wannan na gaggawa ne, ba a jiran gari ya waye.

Idan an yi fiye da mako biyu ana sha kullum, ba a yankewa rana ɗaya. Jiki zai amsa da zufa, hamma, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci, sai mutum ya ɗauka ciwon baya ne ya dawo ya koma sha, daga nan sabo ke kamawa. Ana cire sha ɗaya duk kwana biyu ko uku, a fara da na rana, na dare ya zama na ƙarshe. Tsarin janyewa gaba ɗaya shi ne taramadol ya fara fita, sai maganin kumburi, farasitamol a ƙarshe. A ajiye shi inda samarin gida ba za su kai ba, abin da ya rage kuma a mayar farmasi, kada a ba maƙwabci.

Taramadol da kodin suna ɗaure wa mutane da yawa ciki. Ga mai aikin baya wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yunƙuri a bayan gida yana tayar da ciwon har ƙafa. Ba a jira sai ya faru. Ruwa lita biyu zuwa uku a rana, fiye da haka lokacin zafi, in dai likita bai taƙaita ruwa ba. Miyar kuka, kuɓewa, kwaɗon zogale, wake, gwanda, dabino, kunun tsamiya. A rage burodi da farar shinkafa zalla. Idan an kwana biyu ba a fita ba, lactulose, wato Duphalac, cokali ɗaya ko biyu na cin abinci a rana.

Ciwon jijiya yana da nasa magungunan: pregabalin da ake kira Lyrica, gabapentin, ko amitriptyline wato Laroxyl. Ba sa aiki nan take, sai an yi kwanaki ko mako biyu ana sha. Ana farawa da kaɗan da dare, misali pregabalin 75, saboda jiri da barci, kuma tsoho yana iya faɗuwa idan ya tashi fitsari cikin duhu. Su ma ba a yanke su farat ɗaya, ana janyewa cikin mako guda ko fiye. A ganina bai kamata a ɗora musu buri da yawa ba. Wani bincike da aka yi a Ostareliya, aka wallafa a 2017, ya nuna pregabalin bai fi ƙwayar da ba magani a ciki ba ga masu ciwon jijiyar da ke sauka ƙafa. Yana da tsada kuma. Idan an sha mako uku ko huɗu ba a ga bambanci ba, a gaya wa likita a janye shi maimakon a ci gaba da zuba kuɗi. Maganin sakin nama irin su Coltramyl ko Miorel kuwa ba a wuce kwana bakwai, kuma mai ciki da mai shayarwa ba sa sha.

Yadda ake motsa jikin

Da yawa daga ciwon da mutane ke kuka da shi a gida daga yadda suke tashi da zama yake zuwa. Doka uku ce na mako shida, ko wata uku ga mai ƙarfe: ba duƙawa daga ƙugu, ba murɗa jiki, ba ɗaukar abin da ya wuce kilo huɗu zuwa biyar. Buta cike ba laifi. Bidon ruwa mai lita 25 kilo 25 ne, kuma a garin da kowane gida ke fama da neman ruwa sai an faɗi wannan ƙarara: wani ya ɗauka. Ke kuma uwar gida, daka, shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a duƙe, sauke tukunya daga murhu, goyon yaro, duk sai an samo mai yi. Mata ne aka fi cuta a nan, domin da an ga ta miƙe tana takawa sai a ɗauka ta warke, ita kuma kunya ba ta barinta ta ce a'a. Maigida ne ya kamata ya tsaya ya hana. Guringuntsin da aka yi wa aiki yana sake fitowa a wajen mutum biyar zuwa goma sha biyar cikin ɗari, kuma watannin farko ne suka fi hatsari.

Tashi daga kwance yana da tsari. Ka tanƙwara gwiwoyi, ka juya gefe kafaɗa da ƙugu tare kamar gungumen itace, ka sauke ƙafafu daga bakin gado, sannan ka tura da gwiwar hannu da tafin ɗayan hannun har ka zauna. Kwanciya kuma a bi ta baya-baya. Wannan ba ya yiwuwa a kan tabarma ko katifar ƙasa, shi ya sa ake buƙatar gado mai tsayin gwiwa ko ɗan fiye, da katifa mai ɗan tauri. Ko aro ne a yi. In a rigingine ake kwance, matashi a ƙarƙashin gwiwoyi, in a gefe, matashi tsakaninsu. Rub da ciki a bar shi tukuna.

Bayan gida na tsuguno shi ma matsala ne. Kujerar roba mai ƙarfi da aka huda tsakiyarta, ko ta ƙarfe da mai walda zai haɗa, a ɗora a kan ramin, ta wadatar. Wanka a tsaye ko a kan doguwar kujera, bokiti a ɗora shi a sama, kuma kada ruwa ya taɓa ɗinkin sai likita ya ba da izini.

Zama ya fi tsayuwa matsa wa ƙasan baya. Minti 20 zuwa 30 a kan kujera mai tsayi da majingina, sai a tashi. Kujerar tsuguno, da zaman tabarma, da kujerar falo mai nutsewa, a bar su. Ƴan dubiya alheri suka kawo, amma zaman karɓar gaisuwa daga hantsi har azahar yana mayar da mutum baya kwana biyu. Mai jinya ya ce musu: "Ku yi haƙuri, likita ya ce ya kwanta," a gaisa yana kwance. Ba wanda zai ga laifi.

Kwanciya wuni guda kuma ita ma cuta ce, tana ƙara ɗaurewar nama, tana ɗaure ciki, tana sa jini ya daskare a ƙafa. Tafiya ita ce babban motsa jikin makonnin farko. A fara da minti biyar zuwa goma, sau huɗu ko biyar a rana, a tsakar gida, da takalmin da ke riƙe ƙafa. A ƙara minti ɗaya ko biyu duk kwana biyu, har a kai rabin awa a mako na huɗu zuwa na shida. Da sanyin safe da bayan la'asar, a kan ƙasa mai tauri, ba cikin rairayi ba, ba kan duwatsun unguwar Birni ba. Ma'aunin shi ne: idan ciwon ya ɗan ƙaru ya lafa cikin awa ɗaya ko biyu, daidai ne. Idan ya kwana har gobe, an zarce, a koma adadin shekaranjiya. Zuwa wurin kine, wato ma'aikacin lafiya mai koyar da motsa jiki, yawanci daga mako na huɗu zuwa na shida ne, da takardar likita. Ɗamarar baya kuwa sai ga wanda aka rubuta wa, kuma a cire ta in an kwanta sai dai in an ce a bari.

Ƙanƙara tana taimakon ciwon yanka: a sa a leda, a naɗe da tawul, minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana, ba tare da bandejin ya jiƙe ba. Ɗumi ya fi yi wa ɗaurewar nama, amma sai ɗinkin ya warke, kuma kada a ɗora abu mai zafi a fatar da ta mutu, za ta ƙone mutum bai ji ba.

Salla da azumi suna damun mutane fiye da yadda suke faɗa wa likita. Ruku'u da sujada duƙawa ne cikakke. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba da sauƙi: a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. A zauna a kujera a yi nuni, na sujada ya fi na ruku'u ƙasa kaɗan, da kai ba da ƙugu ba. Wajen alwala wani ya taimaka da wanke ƙafa. Azumi kuma, wanda ke shan magani sau huɗu a rana ba zai iya matse shi tsakanin magariba da sahur ba, kuma diclofenac a kan ƙishirwar wuni shi ne daidai abin da ke kashe ƙoda. Alƙur'ani ya ba marar lafiya damar ramawa. A tambayi malam, a tambayi likita.

Tafiya a kan babur, kabu-kabu ne ko na gida, a bar shi aƙalla mako shida, mai ƙarfe wata uku. Wanda aka yi wa aiki a Yamai yana da kusan kilomita 900 a gabansa kafin ya iso Damagaram. In da hali ya ɗan zauna can har a cire zare, wato kwana 10 zuwa 14, ya fi. In ba hali, ƙaramar mota da za a kwantar da kujerar gaba, a tsaya duk awa guda ya taka minti biyar, a raba tafiyar kwana biyu. Tuƙi kuma babu shi muddin ana shan taramadol ko pregabalin.

Abin da ba a sa wa bayan

Addu'a da tofi ba su da wata illa ga ɗinki. Amma ƙaho, da sakiya, da tsaga, da tausar maɗori, kada su kusanci bayan da aka yi wa aiki. Ƙwayar cuta da ta shiga ta fata tana iya kai wa ga ƙarfen, kuma idan ta zauna a kansa wani lokaci sai an sake buɗewa. Man kaɗanya, zuma, man zafi, garin magani, ba a shafa su a kan ɗinki. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba yana ƙara wa hanta da ƙoda nauyi a lokacin da suke fama da magungunan asibiti. Dexamethasone da ake saye a kasuwa yana sa a ji sauƙi na ɗan lokaci, amma yana hana ciwo warkewa, yana tayar da sukari, yana ɓoye alamun ruɓa. Mai ciwon sukari ya riƙa aunawa kullum a wannan lokaci. Zufa tana jiƙa bandeji, kuma jiƙaƙƙen bandeji ba ya jiran ranar wankin ciwo, a je a canza shi.

Ciwon da ba na jira ba

Akwai alamun da ba a shan magani a kansu, asibiti ake nufa ko tsakar dare ne. Mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, al'aura da dubura. Fitsari ya ƙi fita, ko fitsari ko kashi ya zubo ba a sani ba. Sabon rauni a ƙafa, kamar tafin ƙafa ya riƙa ja a ƙasa ko takalmi ya riƙa zamewa. Waɗannan suna nufin wani abu, sau da yawa tarin jini ko guringuntsi, ya danne jijiyoyin, kuma awoyi ne ke raba wanda zai warke da wanda zai zauna da abin har ƙarshen rayuwa. Kunyar faɗin maganar fitsari ta jawo wa mutane asara mai yawa. A faɗa, kuma mai jinya ya tambaya.

Sai ruwa fari tas da ke fita daga ɗinki, tare da ciwon kai da ke tsananta in an miƙe ya lafa in an kwanta, wannan ruwan laka ne ke zuba. Sai kumburi da zafi a ƙwauri ɗaya, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, alamar jini ya daskare.

Zazzaɓi yana buƙatar magana ta musamman, domin a nan duk zafin jiki sunansa zazzaɓin sauro, balle da damina. Idan zafin ya kai 38 bayan aikin baya, a yi gwajin sauron, amma a buɗe ɗinkin a duba, ko da gwajin ya nuna akwai. Biyun suna iya haɗuwa. Ja, kumburi, ruwa ko mugunya, wari, duk alamu ne. A tuna farasitamol na ɓoye zazzaɓi, don haka a auna zafin jiki kafin sha, ba bayan sha ba. Kada a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a sha kafin likita ya gani, yana ɓata sakamakon gwaji. Akwai kuma ruɓar da ke can ciki wadda fata ba ta nunawa: mutum ya samu sauƙi mako biyu ko uku, sai ciwon baya ya dawo fiye da na farko, ba ya lafawa da kwanciya, ko taɓa gadon aka yi sai ya yi ƙara. Wannan yana buƙatar gwajin jini na CRP da VS, masu nuna kumburi a jiki, da hoton IRM, wato hoton na'urar maganaɗisu da ke nuna nama da jijiya. Ƙarfen da ake sawa yanzu yawanci ba ya hana shiga IRM, amma a sanar da masu ɗaukar hoton.

Wanda tarin fuka ne ya ci masa ƙashin baya har aka yi aiki, maganin tarin shi ne ainihin maganin ciwonsa, kuma na watanni ne masu yawa. Ba a tsayar da shi don an ji sauƙi. Rifampicine da ke ciki tana rage ƙarfin taramadol, don haka in ciwon ya ƙi lafawa a gaya wa likita ya canza, kada a ƙara da kai.

A samu ƙaramin littafi a riƙa rubuta lokacin kowane sha, da lambar ciwo safe da dare, da mintocin tafiya, da zafin jiki. Ranar komawa ganin likita a tafi da shi, da kwalayen magani duka har da waɗanda aka saya ba da ordonansi ba, da hotunan kafin aiki. Idan an kai wata uku ciwon bai sauka ƙasa da na watan farko ba, ko har yanzu ba a iya kwana ba tare da taramadol ba, a nemi a sake hoto a duba ko guringuntsin ya sake fitowa, ko tabo ya riƙe jijiya, ko ƙashin bai haɗe ba, ko kusa ta saki, domin kowanne da irin maganinsa.